Bayan An Tashe Ta, Wa Zai Ciyar Da Ita?

Wurin karatu: Markus sura 5, aya 21 zuwa 43.

   

Labarinmu na yau ya fara ne a irin wurin da muka saba da shi, wato bakin ruwa. Yesu ya sauko daga jirgi, taro mai yawa ya kewaye shi. Sai ga wani mutum mai suna Yayirus, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a, ya ratso jama'a ya faɗi a gabansa, gama 'yarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa. Suna kan hanya aka aiko cewa yarinyar ta riga ta cika. Da suka isa gidan, masu makoki sun taru, ana kuka da kururuwa. Yesu ya fitar da su waje, ya shiga tare da uban da uwar da almajiransa uku, Bitrus da Yakubu da Yohanna. Ya kama hannun yarinyar, ya yi mata magana, nan take ta tashi ta fara tafiya.

Yawancinmu nan muke tsayawa mu ce Halleluya, mu rufe littafi. Amma akwai abu guda da ya saura a aya ta ƙarshe. Kafin ya bar gidan, Ubangiji ya umarta a kawo wa yarinyar abin da za ta ci. Ku yi tunani a kan wannan. Shi wanda ya komo da ranta, ai yana da iko ya cika cikinta ba tare da an hura wuta ba. Bai yi haka ba. Abin da ya fi ƙarfin iyayen, shi ya yi musu. Abin da ke cikin ikonsu kuwa, ya bar shi a hannunsu. Tashin yarinyar ya faru sau ɗaya. Ciyar da ita aikin kowace safiya ne da kowace yamma, kuma aikin mutanen gidan ne.

A kan wannan muke so mu yi magana yau, domin a ƙasarmu akwai yara da yawa da aka ceto daga bakin kabari, sa'an nan suka koma gida suka tarar da tukunyar da ta kai su can ba ta sake ba.

Allah bai hana mu albarka ba. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya hau, ya cinye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, har da babban tsibirin Foge. Mutane wajen 44,000 aka tayar aka sake musu mazauni. Iyayenmu Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Yaurawa sun san zafin barin kufai da kaburburan kakanni. Amma ruwan da ya ɗauke fadamu ya kawo kifi. Tafkin nan ya fi Tekun Galili girma fiye da sau bakwai. Akwai giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da ƙurungu, ga kuma warangi da ake shanyawa a bakin gaɓa kamar hatsi. Albasar Yauri ta yi suna a kasuwannin ƙasar nan, ga shinkafa, ga dawa da gero, ga wake da gyaɗa.

To, ga abin da ya kamata ya hana mu barci. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta yi babban binciken lafiyar jama'a a dukan jihohi, aka auna tsawon yara da nauyinsu. Aka tarar cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi kuwa 66 ne cikin 100, babu jihar da ta kai ta. Yaro biyu ke nan cikin kowane uku. Ba yaran wata ƙasa mai nisa ake nufi ba. Su ne waɗanda ke zaune a tabarmar gaba a makarantar Lahadi.

Wata rana da rani mun je ziyara wata tunga a ƙasar Ngaski. Muka tarar da wata 'yar'uwa tana tattara warangi tana zubawa a buhu. A gefenta yaro ne da bai kai shekara biyu ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, hannuwansa sirara, yana shan farin kunu mai ruwa-ruwa a ƙoƙo. Bayan gaisuwa muka ce, "Mama, yaron nan yana cin kifin nan kuwa?" Ta yi dariya ta ce, "Haba malamai, wannan ai na kasuwa ne, akwai bashin raga a kanmu. Kuma yaro in ya saba da kifi da ƙwai tun yana ƙarami, kwaɗayi zai koya, ya girma yana ɗauke-ɗauke." Ba mu ga laifinta ba. Tana ƙaunar ɗanta, tun asuba take aiki dominsa. Abin da ta ji daga uwarta ne ta faɗa mana. Amma buhun nan zai hau mota ya yi kudu, wani ma a niƙa shi a yi abincin kaji, yaron kuwa ya kwana da ruwan kunu.

Bari mu bambanta abu biyu. Akwai tamowa, wadda takan zo da sauri, sau da yawa bayan gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya rame ƙwarai, ko kuwa ƙafafunsa su kumbura. Wannan kowa yana gani. Akwai kuma tsumburewa, wadda take tafiya a hankali ba ta da ƙara. Yaro yana wasa, yana gudu, sai mu ce ai gajartar gidansu ce ya gado. Alhali jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ba su sami abin gini ba a lokacin da ake gininsu. Irin wannan yaro ciwo kaɗan yakan kayar da shi, karatu kuma yakan yi masa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke mutuwa, rashin abinci mai gina jiki yana da hannu a ciki.

Duniya ma ba dare ɗaya ta gane wannan ba. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana ciwon kumburin yara. Daga baya ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Ankara suke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono domin ƙaninsa yana zuwa. Mu ma mun san abin da kwanika takan yi wa yaro. Ashe matan kasuwa sun riga likitoci sanin tushen ciwon. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin agaji suka yi ta aiko da madarar gari cikin jirage, suna tsammani ita ce maganin. Daga baya aka gane magana ta fi haka faɗi. Yaro yana bukatar abinci isasshe, iri-iri, sau da yawa a yini, da ruwa mai tsabta, da uwa mai lafiya wadda take da lokacinsa. A watan Disamba na 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Rum domin babban taro a kan abinci mai gina jiki. Daga shekarar 2008 kuma masana suka ƙara ƙarfafa abu ɗaya, cewa kwana 1,000 na farko, daga ranar da aka ɗauki ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne ƙofar. Abin da aka rasa a cikinsu da wuya a mayar da shi duka. Kakanninmu sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka masu aikin raya ƙasashe suka sa abincin yara a gaba. Sun ga cewa ko an gina makaranta, yaron da ya tsumbure ba zai ci moriyarta sosai ba. Ko an raba taki da raga da injin jirgi, mutumin da ya tashi da raunin jiki ba zai yi aikin da ya kamata ba. Wanda yake son ya ɗaga gari, daga ƙoƙon yaro zai fara.

Mun ga amfanin wannan aiki da idonmu, ya kamata mu gode. Dattawa suna tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a wuyan mata a dā. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin cikin gishirin ci, yau da wuya ka ga yarinya da maƙoƙo. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, domin rashinsa yana kawo dundumi da makanta. A 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa, na gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, cikin 'yar leda, wanda ba ya bukatar dafawa ko ruwa. A yunwar 2005 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 da shi a Nijar, mafi yawansu a yankin Maraɗi, yawanci kuma a gidajen iyayensu suka warke. A 2009 aka fara wannan hanya a Nijeriya, Kebbi tana cikin jihohin farko. A 2011 gwamnatin Ingila ta ba da kuɗi aka kafa shirin WINNN a Kebbi da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, tare da UNICEF da wasu ƙungiyoyi. A kan tafkinmu kuma, daga 1993, Jamusawa sun yi aiki da masunta da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, suna ƙidaya jirage da raga, suna gargaɗi cewa ragar dala tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Uwar da ta ga ɗanta ya komo daga bakin mutuwa cikin mako shida ko takwas saboda 'yar ledar nan, ta san wani abu na murnar gidan Yayirus. Allah yakan yi aiki ta hannun likita da ma'aikaciyar asibiti da baƙon da bai san sunanmu ba.

Amma kowane shiri yana da ranar farawa da ranar rufewa. Aikin Jamusawa ya ƙare, motocinsu suka tafi. WINNN na shekara shida aka tsara shi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashe kuma suka rage abin da suke bayarwa. Ga tsadar abinci, ga 'yan bindiga da suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Idan begenmu duka yana kan kwalin da za a sauke daga mota, ranar da motar ba ta zo ba ina za mu sa kanmu? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Umarnin da aka ba gidan Yayirus, mu aka ba yau. Bari mu duba abin da ke hannunmu.

Na farko, mace mai ciki. Kwana 1,000 ɗin nan daga cikinta suke farawa. A gidaje da yawa maigida ne yake cin tsokar kifi, samari su bi, mace ta ƙare da romo da ƙanzo, alhali ita take ci domin mutum biyu. Maza, a gare mu wannan magana take. Mai bi wanda ya ci ya ƙoshi ya bar matarsa mai ciki da ragowa, bai gane ƙaunar da aka umarce shi ba. A bar ta ta je awo, ta karɓi maganin ƙarin jini, a rage mata ɗaukar ruwa da itace.

Na biyu, nonon farko, wato dakashi. Al'ada ta koya mana a matse shi a zubar, wai ba shi da kyau, a ba jariri ruwa ko jiƙo kafin nono ya yi fari. Kakanni mata, muna roƙonku da girmamawa, ku ne kuke da iko a ɗakin haihuwa. Dakashin nan shi ne rigakafin farko da Mahalicci ya shirya wa jariri. A sa shi a nono cikin sa'ar farko. Daga nan har wata shida, nono kaɗai, ko ruwa ba ya bukata, ko a zafin bazara, gama akwai ruwa isasshe a cikin nono. Mu da muke ɗiban ruwa daga inda ake wanki da wanka da shayar da shanu, cokali ɗaya na ruwan nan ya isa ya kawo gudawa.

Na uku, kunu. Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa, a ci gaba da ba da shi har shekara biyu, a ƙara da abinci. Cikin yaro ƙarami ne, bai fi kofin shayi ba. Idan muka cika shi da ruwan kunu, ya ƙoshi amma bai ci kome ba. Kunun ya yi kauri, har ya tsaya a cokali. A nan ne warangi yake da daraja. Kifi ne da ake ci gaba ɗaya, da kai da ƙashi da ido, a nan kuwa abin ƙarfafa ƙashi da ƙara jini yake. A shanya shi a kan tabarma ko gado, kada a kan yashi. A tsince shi, a ɗan soya shi ba mai, a daka ya yi laushi, a tankaɗe, a ajiye a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya ko biyu cikin kunun yaro ko miyarsa kowace rana. Ma'aikatan lafiya suna koyar da wani gari kuma da ake kira Tom Brown: mudu shida na dawa ko gero ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a niƙa tare. Duka a gonakinmu suke. A ƙara garin zogale ko kuka, ɗan manja, kabewa, gwanda ko mangwaro a lokacinsa, da ƙwai in kaza ta yi. Ƙwai bai taɓa mai da yaro ɓarawo ba. Tarbiyya ce take hana sata.

Na huɗu, yaro ya sami ƙoƙonsa dabam. Ɗan shekara ɗaya ba zai iya kokawa da yayyensa a akushi ɗaya ba. Kafin ya kai loma biyu, tuwo ya ƙare. A zauna da shi, a ba shi sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani. In ya yi ciwo kada a daina ba shi nono da abinci. In gudawa ce, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc da ake samu a asibiti. A wanke hannu da sabulu ko toka kafin a ba shi abinci. A kai shi allurar rigakafi, musamman ta ƙyanda.

Na biyar, masunta. Kafin a ɗaure bakin buhu, a fitar da rabon yara. Mun san a cire zakka kafin a taɓa kuɗi. Haka nan a cire kwanon gida kafin dillali ya iso. Mu kuma ji tausayin ruwan. Ragar da ke kwashe 'ya'yan kifi abincin jikokinmu take kwashewa.

Sa'an nan mu san alamun hatsari. Idan yaro ya ƙi abinci, ya rame, fatarsa ta saki, ko ka danna bayan ƙafarsa da yatsa ka ƙirga uku ka ga gurbin ya tsaya, kada a ce maita ce ko sammu ko iska. A yi addu'a, a kuma ɗauke shi a kai asibiti a ranar. Yayirus bai zauna yana jiran gobe ba, ya tashi ya nemi taimako, bai ji kunyar jama'a ba. In an ba da abincin leda, magani ne na yaron nan shi kaɗai. Ba na rabawa ga yayye ba ne, ba na sayarwa a kasuwa ba ne. Wanda ya sayar da shi, ran yaro ya sayar.

Ina ikilisiya a cikin wannan duka? Babu wata ƙungiyar agaji da take tara matan gari kowane mako kamar Zumuntar Mata. Babu wadda ta san gidan da gwauruwa take, da gidan da aka yaye yaro ba shiri, kamar dattawan ikilisiya. A Ayyukan Manzanni sura 6, lokacin da aka yi gunaguni cewa ana manta waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce wannan ƙaramar magana ce ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida domin aikin. Mu ma za mu iya zaɓen mata biyu ko uku a kowace majami'a, su je wurin ma'aikatan lafiya su koyi awon hannun yaro da ɗan tef mai launi, su riƙa duba yara wata-wata bayan sujada. A ranar godiyar kaka, a ware mudu na dawa da waken suya da gyaɗa, mata su taru su soya su niƙa, a raba wa gidajen da suke da bukata. A shuka zogale a bayan majami'a da gidan fasto. Kada kuwa mu tsaya a kan namu kaɗai. Tamowa ba ta tambayar addinin yaro. Maƙwabcinmu Musulmi, da Bafulatana a ruga, da wanda ya gudo daga ƙauyensa ya sauka a gefen gari, in ɗansu ya rame, namu ne ya rame.

'Yan'uwa, Markus bai gaya mana abin da uwar yarinyar ta dafa a ranar ba. Wataƙila gurasa ce da ɗan kifi, gama su ma mutanen bakin ruwa ne. Amma mun sani ta share hawaye ta tashi ta nufi murhu, kuma wannan biyayya ce ga Ubangiji daidai da kowace addu'a. Yau da yamma, sa'ad da za a sauke tukunya, kowannenmu ya duba ƙoƙon ƙaramin yaro na gidansa, ya ga abin da ke ciki.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode maka domin ruwan da ka ba mu da kifin da ke cikinsa, da gonaki da ƙarfin noma. Mun gode domin waɗanda suka zo daga nesa suka taimaki 'ya'yanmu, da ma'aikatan lafiya na garuruwanmu. Ka gafarta mana inda muka ci muka manta da ƙanana. Ka ta'azantar da iyayen da suka binne 'ya'yansu. Ka ba ƙasarmu salama, domin manomi ya je gonarsa ba tsoro, masunci ya komo gida lafiya. Ka ba mu hikima da hannu mai bayarwa, mu ciyar da waɗanda ka danƙa mana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.